Masaƙar Slater ko ta Lowell: Wacce Ta Fi Sauƙi ga Talaka?

A 1790 Samuel Slater ya kafa injin kaɗin zare mai aiki da ƙarfin ruwa a Pawtucket, Amurka. Iyali sukutum yake ɗauka, har yara 'yan shekara bakwai, kuma sau da yawa ladan takardar karɓar kaya ce a kantin kamfani.

Masaƙun Lowell kuwa, wani gari shi ma a Amurka, 'yan matan ƙauye suka nema. Kuɗi a hannu, ɗakin kwana ƙarƙashin wata dattijuwa, ƙarfe goma an rufe ƙofa. Aiki ya haura awa goma sha biyu cikin ƙurar auduga, tagogi a rufe. Da aka rage albashi a 1834, suka tafi yajin aiki.

Ni dai na fi karkata ga Lowell, domin budurwa tana iya tara sisinta ta koma gida. Yaron Pawtucket, ladansa hannun mahaifinsa yake zuwa.