Yanmar 3GM30F na hannu: ya cancanci a ɗora shi a tsohon jirgin ruwa?

Idan injin tsohon jirgi ya gaji, mai jirgin yakan tsaya tsakanin abu biyu: ko sabon inji, wanda wani lokaci kuɗinsa ya fi kuɗin jirgin kansa, ko na hannu da aka ciro daga wani jirgin. Cikin ƙananan injinan dizal da ke yawo a kasuwar na hannu a Turai da Amurka, Yanmar 3GM30F na daga cikin waɗanda aka fi cin karo da su. Ƙirar kamfanin Japan ne, silinda uku, cc 954, ƙarfin doki 27 a juyi 3600 a minti, doki 24 a juyi 3400 idan doguwar tafiya ce. Nauyinsa da giyabos wajen kilo 140. An ƙera shi daga farkon shekarun 1980 zuwa wajen 2005, lokacin da 3YM30 ya gaje shi, wato ko autan cikinsu ya kai shekara ashirin.

Ra'ayinmu shi ne inji ne na amana ga jirgi mai tsawon mita 9 zuwa 11. Ba shi da kwamfuta, ba shi da tarkacen lantarki, bakanike mai sufana da haƙuri zai iya kwance shi ya mayar, kuma kayan gyaransa ba su yanke ba. Amma suna ba ya tafiyar da jirgi. Wanda ke gabanka a kan katako shi za ka saya, kuma shi za ka bincika.

Fara da farantin lamba. Harafin F a ƙarshen sunan ba ado ba ne. 3GM30F yana da ruwan sanyaya na kansa da ke zagayawa a cikin bulok, ruwan teku kuwa yana bi ta cikin wasu siraran bututu a tukunyar musayar zafi, wadda ke yin aikin lagireto. 3GM30 marar F ruwan gishiri ne kai tsaye ke ratsa jikinsa, shi ya sa ake tsayar da zafinsa can ƙasa, wajen digiri 42, don kada gishiri ya daskare a hanyoyin ruwa. Irin wannan, bayan shekara talatin a teku, ƙarfen cikin bulok ɗinsa na iya zama kamar ɓawon itace, musamman in ba a riƙa canja zinkin da ke kare shi daga tsatsa ba. In da zaɓi, ɗauki mai F ko da ya ɗan fi tsada. Sannan ka duba lambar jikinsa: wanda lambarsa ta fara da E haɗin Turai ne, famfon ruwan tekunsa da wasu kayansa daban suke da na Japan. Mutane da yawa sun sayi imfela, wato fankar roba ta cikin famfon ruwa, ta ƙi shiga saboda wannan harafin kaɗai.

Kada ka dogara da agogon awanni. A jikin allon makunni yake, kuma allo ana canja shi. Rasit na gyara da littafin da aka riƙa rubuta juyen baƙin mai sun fi shi gaskiya. Injin da ya yi awa 4000 yana aiki a kai a kai yakan fi lafiya a kan wanda ya yi 800 ya kwana shekara shida a ƙasan jirgi mai laima. Sabon fenti ma abin tuhuma ne. In ka ga an fesa fenti har kan tiyo da waya da noti, to akwai abin da ake rufewa.

Babban gwaji shi ne tayarwa da sanyi, kuma a nan ya kamata ka fi tsayawa. Ka gaya wa mai sayarwa tun kafin ka zo kada ya tayar da injin ranar. Da isarka ka ɗora tafin hannu a kan bulok da gwiwar salansa. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Dalili kuwa, wannan injin ba shi da fulogin ɗumama silinda, matsin iska kaɗai ke kunna man. Mai lafiya yakan kama cikin daƙiƙa kaɗan in ba tsananin sanyi ake yi ba. Wanda sai an daɗe ana murza kik, ko an buɗe totur har ƙarshe, ko an fesa masa wani abu a bakin iska, matsinsa ya tafi: ko ringi sun cinye, ko bawul ba sa zama daidai. Injin da ya ɗumama yana ɓoye duk wannan.

Yana da hannayen sakin matsi a saman murfin bawul, ɗaya ga kowace silinda, kuma suna da amfani wajen bincike. Ɗaga su duka, ja igiyar kashe mai, a murza kik, sai ka saki ɗaya, ka saurari yadda juyin ya yi nauyi, ka sake ɗaga shi ka saki na gaba. Silindar da aka saki hannunta amma kik bai ji nauyi ba, ita ce mai rauni. Wannan awon kunne ne. Awon gaske sai an cire nozul an ɗaura gejin dizal, kuma abin da ake nema shi ne kada tazarar da ke tsakanin silinda ukun ta wuce kashi 10 cikin 100. Kafin awon a daidaita tazarar bawul zuwa milimita 0.2 da sanyi, domin bawul da ya matse yana sa a zargi inji mai lafiya.

Da ya tashi, koma bayan salansa. Ɗan hayaƙi na minti ɗaya ba komai ba ne. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan ya yi zafi, baƙin mai yake ci. Fari mai yaji a ido, man gas ne da bai ƙone ba, yawanci nozul ko raunin matsi. Fari da ke ɓacewa nan take tururi ne, ruwan sanyaya bai isa ba. Baƙi kuwa a ƙarƙashin kaya yake fitowa, daga nozul mai zuba, ko salansa da ta toshe, ko farfela da ta yi masa girma. Nozul ba abin tsoro ba ne: a kai wa masu gyaran famfon dizal su gwada, ya kamata su buɗe a matsin kilo 170 kan kowace murabba'in santimita, kuma su fesa kamar hazo, ba ɗigo ba. Yana kan sulo, wajen juyi 850, buɗe murfin zuba baƙin mai ka kifa tafin hannu. Ɗan numfashi ba laifi. In yana tunkuɗe hannunka yana feso mai, garambawul ke jiranka, sai ka cire kuɗinsa daga farashi ko ka haƙura.

Baƙin man kansa shaida ne, shi ya sa sabon juye ba alheri ba ne ga mai saye. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin gas kuma ya haura alamar geji, mai na gangarawa kwano, sau da yawa daga fatar ƙaramin famfon da ke ɗago mai. In da hali, ɗebi kaɗan a kwalba bayan injin ya yi zafi a kai ɗakin gwaji. Sodiyam mai yawa yana nuna ruwan teku, ƙarfe da kuromiyam suna nuna cinyewar silinda da ringi. Ɗaura gejin matsin mai na gaske kuma, kada ka yarda da fitilar gargaɗi, domin ita sai matsi ya kusa ƙarewa take kamawa. Da zafi a juyin tafiya ana sa ran wajen kilo 3.

Akwai wurare uku da wannan injin ya yi ƙaurin suna a kansu. Gwiwar salansa, inda ruwan teku ke haɗuwa da hayaƙi, tana cika da gawayi da tsatsa har ramin ya koma kamar na ɗan yatsa. Inji ya rasa ƙarfi, ya yi zafi, ya yi baƙin hayaƙi. Mafi muni, in bangon cikinta ya huje, ruwa ya koma ta bawul ya zauna a silinda. Noti kaɗan ke riƙe da ita, ka nemi a cire ka haska tocila a ramin da ke jikin injin. Tsatsa ja a nan na nufin ruwa ya taɓa shiga. Sai siraran bututun baƙin mai na ƙarfe da ke bin gefen bulok: ruwan gishiri na ɗiga musu, su ruɓe a ƙarƙashin fenti, ranar da ɗaya ya fashe man ya ƙare cikin mintuna, inji ya buga. Shafa su da yatsa, in kana jin ƙuraje canja su. Na uku tukunyar musayar zafi. Buɗe murfin gabanta, sau da yawa za ka tarar da gutsattsarin fukafukan tsohuwar imfela sun toshe bututu. A matsa mata iska zuwa kilo 0.9, daidai da matsin murfin zuba ruwanta, a ga ko allura za ta tsaya cak na minti goma. Wanda zai yi aiki da injin a kogi mai laka irin Kwara ko Binuwai ya ƙara girman matacin ruwa, domin yashi na cin imfela da farantin famfo da wuri.

A kula da injinan da aka ciro daga jiragen da suka nutse ko guguwa ta kifar. Ana wanke su a fesa fenti. Cire kik ka leƙa wajen fulawil. Layin tsatsa a kwance, da kawunan waya da suka yi kore, su ne za su tona asiri.

Giyabos ɗinsa yawanci Kanzaki ne, KM2P ko KM3P, kuma baƙin man inji yake sha, ba jan man giya ba. Kulos ɗinsa mai siffar mazurari ne, yana yin santsi da tsufa, sai ka sa giyar gaba ya yi jinkiri kafin ya kama, ko ya riƙa suɓucewa in an ba shi wuta. A kan katako ba za ka gane wannan ba, domin babu kaya a kansa. Shi ya sa injin da har yanzu yake cikin jirgi ya fi daraja a wurinmu nesa ba kusa ba: a fita da shi, a tafi rabin awa a juyi 2800, sannan a buɗe masa wuta duka na minti biyar. Ya kamata ya kusanci 3600 ba tare da zafi ko baƙin hayaƙi ba. In a ƙasa yake, aƙalla a ɗaure shi da kyau, a ba shi ruwa daga bokiti ya tsotsa da kansa. Kada a cusa masa tiyon famfo mai ƙarfi, ruwa zai cika salansa ya koma silinda.

Saura shigarsa jirginka, kuma a nan kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Auna tazarar ƙafafunsa da tsayin bakin giyabos, ka kwatanta da gadon tsohon injin. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka siffarsa da falanki, a sauke a ramin, a ga ko ya yi layi da shaf ɗin farfela, kuma ko hannu zai kai ga imfela da filta da geji. Duba rabon giya a farantin giyabos, domin akwai mai wajen 2.2 ko 2.4, akwai 2.6, akwai 3.2, kuma kowanne da girman farfelar da yake so. Wannan injin farfelar dama yake juyawa. Tsofaffin injinan Volvo Penta da yawa, irin MD2B da MD11C, ta hagu suke amfani da ita, don haka in irinsu kake cirewa, farfela sai sabuwa. Mai cire injin fetur na Atomic 4 kuwa, bayan farfela, sai ya wanke ko ya canja tanki, ya ƙara bututun da ke mayar da rarar gas, ya faɗaɗa tiyon salansa zuwa milimita 51. In injin zai zauna daidai da layin ruwa ko ƙasa da shi, dole a sa bawul ɗin karya tsotso a sama sosai, in ba haka ba ruwa zai bi a hankali ya cika inji yana kashe.

Ƙafafun roba kada ka ɗauki tsofaffi, ko kyauta aka ba ka. Injin silinda uku yana rawa a sulo, roba da ta zauna kuma tana karkatar da shaf. A sa sababbi huɗu, a jefa jirgi a ruwa ya kwana biyu ya zauna, sannan a daidaita: tazarar fuskokin mahaɗin shaf kada ta wuce milimita 0.1 a kowane gefe.

Wajen ciniki, tabbatar an haɗa da allon makunni da wayoyinsa, da altaneta, da kik, da rabin mahaɗin shaf. Masu sayarwa kan bar su a tsohon jirgi, kuma sayensu ɗaiɗai yana da tsada. Lissafa gwiwar salansa, ƙafafu, tiyo, bel, imfela, filtoci da gyaran nozul a matsayin kuɗin da tabbas za ka kashe, ko da injin ya ci duk gwajin. In wannan jimillar da farashinsa suka haura rabin kuɗin sabon inji mai garanti, ba mu ga ribar na hannun ba. In sun tsaya ƙasa da haka, kuma ya tashi da sanyi a gabanka, ya riƙe matsin mai da zafi, ramin salansarsa ba tsatsa, biya ka sa a ɗora maka shi a mota ranar, tare da farantin lambarsa a rubuce a kan rasit.