Gasasshen Burodi da Gyaɗa da Jam: Me Za Ki Saya, Me Za Ki Bari a Kanti?

Yaran Amurka suna da wani abinci da suke tashi da shi kamar yadda namu ke tashi da koko da ƙosai. Yanka biyu ne na burodi, a shafa wa ɗaya markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a shafa wa ɗayan jam, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari har suka yi kauri, a haɗe su. Tun 1901 wata mujallar girki ta birnin Boston ta buga yadda ake yinsa, amma bai zama abincin kowane gida ba sai bayan da aka fara sayar da yankakken burodi a 1928 a jihar Misuri. Yawanci da sanyinsa suke ci. Wasu kuwa sukan shafa masa bota ta baya su gasa a kasko, kuma wannan gasasshen ne za mu yi wa cefane, uwargida. Da zarar wuta ta shigo zancen, sayayyar ma sai ta canza, domin abin da ya zauna daram da sanyi yana iya narkewa ya tsiyaye miki a kasko.

Mu fara da gyaɗar, don a nan ne kuɗi suka fi zurarewa. A manyan kantuna za ki tarar da 'yar waje, irin su Skippy da Jif da Peter Pan. Abin da ya bambanta su da tamu shi ne ana zuba musu sukari da gishiri da wani daskararren mai da ke hana man gyaɗar tasowa sama. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Rosefield ne ya ɓullo da wannan dabara a shekarun 1920, shi ne kuma ya kafa Skippy a 1932. Ga mai gashi wannan yana da amfani, domin gyaɗar takan yi laushi a wuta ba tare da ta zama ruwa ba. Idan ita za ki ɗauka, duba jikin kwalbar. Dokar Amurka ba ta yarda a kira abu peanut butter ba sai gyaɗar da ke cikinsa ta kai kashi 90 cikin 100. Wanda bai kai ba sai a sa masa wani suna, kamar peanut spread, kuma shi ragowarsa mai ne da zaƙi kika biya.

Sai wadda kamfanonin cikin gida ke zubawa a kwalba ko roba. Ta fi sauƙin kuɗi, kuma da yawa cikinsu gyaɗa ce zalla da ɗan gishiri, shi ya sa za ki ga mai ya taru a samanta. Ba lalacewa ta yi ba, juyawa take so. Ki tabbata dai akwai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Ni kam in don ta ni ce, babu wadda ta kai ta gida. Abin kunya ne a ce garin da aka yi dalar gyaɗa muna jiran jirgi ya kawo mana markaɗe daga Amurka. Ki sayi gyaɗarki, ki soya ta da yashi har ta yi ja kaɗan, ki murje ɓawon ki fece, sannan a markaɗa ba tare da ɗigon ruwa ba. Ƙamshin wadda aka soya jiya ba ya cikin kowace kwalba. Sai dai abu biyu. Na farko, tsinta. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ki zubar, domin fumfunar gyaɗa na ɗauke da gubar aflatokzin mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Na biyu, inji. Na taɓa aika yaro da kwano guda, ashe mai injin ya gama markaɗa attaruhu ke nan bai wanke ba. Da safe na shafa wa yara, cizo ɗaya autana ya yi ya fara hawaye yana neman ruwa. Gyaɗar nan a miya ta ƙare. Tun daga ranar, ko dai in tsaya a kan mai injin, ko in yi da bilenda a gida kaɗan-kaɗan.

Raunin ta gida guda shi ne ruwa-ruwa. Ki tsiyaye man da ya taso sama kafin ki ɗiba, ki sa ta a firji ta ɗan kama jikinta. Kada kuma ki ce tunkuza za ta maye gurbinta, an riga an matse manta, ba ta shafuwa.

Jam fa? A nan nake cewa a saki hannu a sayi mai kyau. Abin da Amurkawa ke kira jeli daga tataccen ruwan 'ya'yan itace ake yinsa, yawanci inabi, babu tsoka a ciki, kuma Welch's da Smucker's su ne sunayen da suka fi sani. Jam kuwa da naman 'ya'yan itacen ake dafa shi. Da sanyi bambancin kaɗan ne. A kan wuta kuwa jeli shi ke fara narkewa ya koma kamar ruwan sukari, ya biyo gefen burodi ya ƙone a kasko. Saboda haka mai gashi jam ya kamata ta nema, mai kauri, wanda in kin karkata kwalbar ba ya gudu. Ki karanta jerin kayan haɗin da ke jiki, domin ana fara rubuta wanda ya fi yawa ne. Idan sukari ya zo farko, ɗan itacen ya zo can ƙarshe tare da kala da ƙamshi, ki mayar kan kanta.

Na sitiroberi ya fi dacewa da gyaɗa. Na haɗin 'ya'yan itatuwa iri-iri ya fi arha, amma sau da yawa zaƙi ne kawai babu ɗanɗano. Mamaled, wato jam na lemo da ake dafawa da ɓawonsa, yana da ɗan ɗaci da manya kan so, yara kuwa su ture. Wanda ya ba ni mamaki shi ne jam na zoɓo da ake dafawa a gida da sukari: tsaminsa na yanke maiƙon gyaɗar, kuma yana kama jikinsa da kansa. Akwai kuma wata kwalba ta Smucker's mai suna Goober da ta haɗa gyaɗa da jeli layi-layi a wuri ɗaya. Kyan gani gare ta, amma ba za ki iya rage wannan ki ƙara wancan ba.

Burodi kuma, yankakken nan na leda ya cika sirantaka da laushi, jam na ratsa shi. Gara dunƙulallen burodi irin na mai shayi, ko na Agege, ki yanka da kanki kaurin yatsa. Wanda ya kwana ɗaya ya fi sabo gasuwa. Ki tuna burodinmu yana da sukari, don haka yana saurin yin baƙi, wuta ƙasa-ƙasa yake so.

Man shafawa ta baya ba ya bukatar dogon tunani. Bota ta gaske ta fi ƙamshi amma tana saurin ƙonewa, Blue Band na yi, soyayyen man shanu kuwa yana jure wuta fiye da su biyun, in dai gidan na son ƙamshinsa.

Saura abin gashi. Tosta mai lantarki, wadda ke rufe burodi ta datse gefensa, tana da sauri, amma sai da wuta, kuma ranar da jam ya zube a cikinta za ki sha kankara. In ba ki da ita, kada ki saya don wannan kaɗai. Kasko mai kauri a kan gas ko risho ya wadatar, minti 2 zuwa 3 kowane gefe. Siririn kasko ne abin gudu, yakan ƙona waje ciki bai ɗumama ba.

Ko wace iri kika saya, ki shafa gyaɗar a yanka biyun duka, jam cokali ɗaya a tsakiya, ki bar gefe-gefe ba ki kai ba, gyaɗar sai ta zama katanga. Idan akwai yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi, wannan ba abincinsa ba ne ko kaɗan. Sauran kuma, in kin sauke ki bar shi ya sha iska minti 2 kafin ki yanka ki miƙa, domin burodin kan huce a hannu alhali jam ɗin ciki na nan da zafin da zai sale harshe.