GARGAƊI: mai tallar "lensin sahara" na babbar kyamara ɗan damfara ne, kar wanda ya tura masa ko sisi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto na Birnin Kebbi, Argungu, Jega har Yauri, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe kuma ku tura ma wanda bai gani ba. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallar lensin babbar kyamara, irin mai zuga-zugi ɗin nan da ake ɗorawa kan ƙafa uku a lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, mai cin fim falle-falle inci 4x5. Yana cewa wai shi dila ne a Legas kayansa daga Japan suke zuwa, kuma ya haɗa "saiti na musamman" don masu zuwa ɗaukar hoton rairayi wajen Agadas da duwatsun Azbin. Wallahi ba shi da komai sai baki. Ba zan sa suna ko lamba ba don kullum canza su yake, salon nasa ne ba ya canzawa.

Yaranmu biyu ya riga ya taɓa, duka masu ɗokin harkar fim ne da suka sayi tsohuwar kyamara babu lensi suna shirin fita arewa in hunturu ya lafa. Na farko ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami, bayan kwana kaɗan aka ce kaya sun maƙale wajen kwastan a ƙaro, ya ƙara, aka ce kuɗin webil da na direba, ya ƙara, daga nan lamba ta daina shiga. Na biyun shi kam an aiko masa da kwali har tasha, kuma nasa ne ya fi ba ni haushi, don da ya kawo mini shago ya ce "Baba Malam duba mini in ya yi" ina buɗewa na ga lensin injin wanke hoto ne, EL-Nikkor, wanda ake ɗaura wa inlaja a ɗakin duhu, ko shata, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga fim, babu a jikinsa. Yaro ya biya kuɗin doki an ba shi akuya.

To ga inda ƙaryarsa ke fitowa fili ga wanda ya san harkar.

Yana cewa Nikkor-SW 90mm ɗinsa sabo ne fil, bana aka ƙera. Kamfanin Nikon tun 2006 ya sanar da daina yin lensin manyan kyamarori, kuma shatar Copal da ake ɗaura su a kai ita ma an daina yinta. Duk Nikkor, Fujinon, Schneider ko Rodenstock da za ka gani a hannun mutane yau kusan duk na hannu ne, kuma ba aibi ba ne, mai gaskiya zai ce maka na hannu ne ga tabonsa nan ga nan.

Sai maganar wai lensinsa "an rufe shi ƙura ba ta shiga". Haba malam. Shatar waɗannan lensuna inji ne irin na agogon hannu, sifirin da ƙananan haƙora da ganyen ƙarfe siriri, libobin saita ta duk a waje suke, babu roba babu komai. Ƙurar hunturu ta nan Kebbi ma ta ishe ta balle yashin Tenere. Abin da masu yi ke yi shi ne kowane lensi da ledarsa mai zif, murfi gaba murfi baya, ba a fito da shi sai an kafa kyamara an juya wa iska baya, a hure da famfon roba kafin a goge, don in ka goge gilashi da yashi a kai ka kankare shi ke nan har abada.

Abu na uku wanda shi ne babba, kuma shi ne ya kamata ku fara tambaya: faɗin da'irar hoton da lensin ke zubawa. Daga kusurwa zuwa kusurwa fim 4x5 ya haura milimita 150, kenan lensin da bai kai haka ba zai bar maka baƙi a kusurwoyi huɗu, kuma in kana son ɗaga gaban kyamara ko karkata shi don yashin gabanka da dutsen nesa su fito tas lokaci guda, wanda dama don shi ake wahalar ɗaukar wannan kaya, sai da'irar ta fi haka sosai. Nikkor-SW 90mm f/8 tana ba da 235mm. Na sa wani ya tambayi mutumin nan wannan lissafi, amsar da ya bayar ita ce "yana yi da kowace kyamara oga". A cikin hotunan tallarsa har da lensin Mamiya RB67, wanda na fim 6x7 ne, ba don 4x5 aka yi shi ba kuma ko hawa farantin da ake ɗaura lensi a gaban babbar kyamara ba zai yi ba.

Haka ya lallaɓa yaron farko wai ya ɗauki 400mm don tudun rairayi na nesa. Lensi na yau da kullum mai 400mm sai an ja zuga-zugi ya kai milimita 400 kafin abu mai nisa ya fito, kyamarar yaron kuwa da ƙyar take kai 300. Ko da kayan gaske ne da ba zai amfane shi ba. A ganina mai fara wannan tafiya lensi uku sun ishe shi, 90mm don fili da sama, 150mm wanda shi ne daidai ganin ido a 4x5, sai 210mm, in ma kuɗi bai kai ba a fara da 150mm kawai ana samun Symmar-S ko Sironar-N ko Fujinon-W masu kyau. Ni 300mm ba na ma so a iska, zuga-zugi in ya miƙe iska na kaɗa shi hoto ya yi rawa.

Hotunan da yake sawa na sata ne daga shafukan masu sayarwa na waje, ku lura teburin da ke ƙarƙashin kowane lensi daban ne, wani ma da rubutun Japan a gefe. Ku ce ya yi bidiyo kol ya riƙe lensin a hannu. Ya nuna lambar da ke zoben gaba, ya haska tocilan ta baya ku ga ko akwai fumfuna ko hazo a ciki, ya saita shata a daƙiƙa ɗaya ya harba ku ji ƙarar ta tafi santsi ba ta tsaya a hanya ba, ya faɗa muku Copal 0 ce ko 1 ko 3 don ramin farantinsu ba ɗaya ba ne, 0 kusan 35mm, 1 kusan 42mm, 3 kuwa 65mm. Duk wanda ya nemi wannan daga wajensa sai ya ce netwok babu kyau ko kayan na sito yaronsa ya tafi da makulli.

Asusun da yake bayarwa ma sunan da ke kai ba shi ne sunan da yake amfani da shi ba, ya ce wai na matarsa ne, wani karon na akawunsa.

Duk wanda ya san ya tura masa kuɗi kar ya ji kunya ya yi shiru, kar kuma ya goge hirar. Ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hoton tallar da muryoyin da ya turo, ya je bankinsa ya shigar da ƙorafi tun da wuri, sannan ya same ni ta inbos, muna haɗa na kowa wuri ɗaya mu kai wa 'yan sanda a Birnin Kebbi ranar Litinin in Allah ya kai mu.