Cajin motar lantarki a Legas: turken fitilar titi ko tashar caji?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, 'yan'uwanmu direbobi a Agege da Idi-Araba ke ta tambaya kan motar lantarki. Sai dai yawancinmu gidan haya muke, mota a bakin titi take kwana. To, a ina za ta sha wuta?

A Landan, soket ake sakawa a jikin turken fitilar titi. Mutum ya jona da dare, wuta na shiga a hankali, wajen kilowat 5, kafin asuba batir ya ɗauki abin da zai wuni da shi. Ba layi, ba ɓata lokacin aiki. Tsarin ya burge ni ƙwarai, amma yana son wutar da ba ta ɗaukewa. A nan Legas kuwa, ko unguwannin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, waɗanda aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, awa 20 aka yi musu alkawari a rana, sauran kuwa ƙasa da haka. Ga ruwan damina da ke cika titi, ga ɓarayin waya, ga rigimar maƙwabta kan wurin ajiye mota.

Tashar caji mai sauri, mai kilowat 50, takan kai batir kashi 80 cikin kusan awa ɗaya. Ta fi tsada, kuma sai ka keta cunkoso kafin ka isa. Amma akwai mai gadi, kuma mai tashar zai iya tanadar sola da batir ko janareta. Direban da ke ciyar da iyali da motarsa, tasha zan ce ya dogara da ita a yanzu, ya haɗa cajin da lokacin sallar azahar da cin abinci.