Faci biyu a haƙori ɗaya: mai tsadar ya faɗi, mai arahar ya zauna

Shekara 19 ke nan ina faci a bakin titi, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Tib ɗin babur, na keke, na amalanke, tayar motocin da ke wucewa ranar kasuwar Gujungu, duk sun bi ta hannuna. Don haka in ana maganar manna abu a jikin abu, ina ganin ina da ta cewa. Sai da aka yi mini faci a cikin bakina na gane masu gyaran haƙori ma abokan sana'armu ne, sai dai su wurin da suke manna nasu ba ya taɓa bushewa.

Asuwaki ne ya jawo mini. Ni mutum ne mai dirje haƙori da ƙarfi, daga hagu zuwa dama, kamar ina kankare tib. A hankali wuyan fiƙata ta sama, daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, ya zaizaye ya yi ɗan kwari kamar saran gatari a gindin bishiya. Ba kogo ba ne irin na masu shan alawa, babu baƙi babu wari. Amma in hunturu ya shigo na kurɓi ruwan randa don alwalar asuba, sai in ji kamar an soka mini allura har cikin ido. Na koma wa kanumfari: in daka, in kwaɓa da ɗan mai, in cusa a wurin kafin in kwanta. Daga baya har man kanumfari na kwalba na saya. Yana kwantar da zogin, wannan ba ƙarya.

Da abin ya ishe ni sai na shiga birni, wani asibitin kuɗi da aka yi mini kwatance. Saurayin da ya duba ni ya ce akwai ciko iri biyu, amma shi farin nan yake ba ni shawara, wanda ake kira kwamfozit, domin gam ɗinsa ya fi kowane ƙarfi kuma launinsa ba a bambanta shi da haƙori. Kuɗinsa ya kusa ninka ɗayan sau uku. Na ce a sa mai ƙarfin, ai araha ba ta ado.

Ina kwance ina kallon aikin da idon mai faci. Ya shafa wani abu shuɗi, ya wanke, ya busa iska, ya shafa gam da ɗan tsinke, ya haska shuɗiyar fitila, ya ɗora cikon, ya sake haskawa. Injin zuƙe yawu ya lalace a ranar, auduga kawai aka cusa mini, ni kuwa ina jin ta ta jiƙe sharkaf. Dasashin ma ya ɗan yi jini inda ƙarfe ya taɓa shi. Ana cikin haka janareta ya yi tari ya mutu, aka jira, aka tayar, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Da na dubi madubi na yi murna ƙwarai. Wallahi ko ni ban iya nuna inda cikon yake ba.

Sati biyar ya yi. Ina shan rake a rumfa bayan la'asar na ji wani abu kamar tsakuwar shinkafa, na tofar a tafin hannu. Cikon ne, ɗungurungum, bai fashe ba bai tsage ba. Duk mai faci ya san ma'anar wannan. In faci ya yage, laifin robar ne. In ya ɓamɓaro lafiya lau kamar ɓawon ƙwai, to tun farko bai kama ba.

Ɗan yayata yana karatun aikin haƙori, ya zo hutu a lokacin. Na nuna masa abin da na ƙulle a leda. Ya juya shi a hannu ya ce, "Kawu, ai a wuri mafi taurin kai aka manna maka." Shi ya warware mini zancen, na kuma riƙe shi domin yaren sana'ata ne.

Haƙori ba abu ɗaya ba ne. Farin ɓawon da ke waje, inamel, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, busasshe kamar tangaran. Tun 1955 wani likita a Amurka mai suna Michael Buonocore ya nuna cewa in aka shafa masa asid ɗin fosforik yakan yi ƙananan ramuka da gam zai shiga ya riƙe. Kankara ce irin tamu, sai dai da ruwan magani maimakon zarto. Shuɗin abin nan da aka shafa mini shi ne, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37. A kan inamel aikin yana da sauƙi.

Amma a wuyan haƙori inamel siriri ne, nawa kuwa asuwaki ya cinye shi. Abin da ya rage shi ne dantin, naman haƙorin da ke ƙarƙashi mai ɗan ruwan ɗorawa. Shi kuwa wajen kashi 70 ne ma'adini, kashi 20 zaruruwa ne da ake kira kolajin, kashi 10 ruwa. Kuma cike yake da ƙananan bututu da suka taho daga jijiyar haƙori, wajen 20,000 a filin milimita ɗaya ta waje-waje, har 45,000 in an matso kusa da jijiya. Akwai ruwa a cikinsu, motsin ruwan ne ma ke sa zogin nan in sanyi ya taɓa. Wato kana son ka yi faci a tib ɗin da ke tsattsafo da ruwa daga cikinsa.

Dabarar da aka samo ita ce asid ya narkar da ma'adinin saman dantin na kamar daƙiƙa 15, zaruruwan su bayyana kamar soson wanka, gam ya ratsa cikinsu ya daskare, su zama abu ɗaya. Wani Bajapane, Nobuo Nakabayashi, shi ya bayyana wannan haɗaɗɗen shimfiɗi a 1982. Matsalar ita ce soson nan ba ya son wasa. In aka busar da shi da yawa sai zaruruwan su kwanta su manne, gam ya rasa hanyar shiga. In aka bar shi da ruwa da yawa gam ya tsinke. In yawu ko jini ya taɓa wurin, aiki ya ɓaci, sai an sake daga farko. Na ce masa ai mu ma haka sholisho yake, in ka ɗora faci yana ɗanye ba ya kamawa, in ka bar shi ƙura ta hau kansa ma haka. Ya ce to ƙara da wannan: dantin da ya daɗe a buɗe irin nawa, bututunsa kan toshe da ma'adini, ya yi sheƙi da santsi, asid ba ya cin sa yadda ya kamata. Sannan kwamfozit in ana daskarar da shi da fitila yakan tsuke da wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100, yana jan gam ɗin tun kafin a tashi daga kujera.

Sai ya tambaye ni ko na sa wani abu a wurin kafin in je. Na ce kanumfari kawai, har a daren da zan tafi. Ya dafe kai. Ashe man da ke cikin kanumfari, yujinol, yana hana irin wannan gam daskarewa sosai, shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da shi in za su yi farin ciko. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Don haka ba zan ɗora wa saurayin nan laifin duka ba. Abin da na riƙe shi da shi guda ne: ya ga audugar ta jiƙe, ya ga jini, ya ci gaba. Ni in na ga tib bai bushe ba, ko mai babur yana ta yi mini hon, ba na ɗora faci.

Karo na biyu asibitin gwamnati na je, na faɗa hannun wata baiwar Allah mai ɗan shekaru. Ta duba ta ce, "Malam, wannan siminti ya fi dacewa da shi." Na ce, "Hajiya, ba shi ne maras ƙarfin ba?" Ta yi dariya ta ce in buɗe baki.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, kuma ba a nemi wutar lantarki ba in ban da fitilar da take haska bakina. Ta wanke wurin, ta shafa wani ruwa mai ɗan tsami na 'yan daƙiƙu, ta goge, ta bar wurin da ɗan laima. Ta kwaɓa gari da ruwan magani a kan takarda, ta cusa, ta danna, ta shafe samansa da man basilin don kada yawu ya taɓa shi kafin ya yi ƙwari. Ta ce kada in ci komai sai bayan awa ɗaya, kuma in daina dirje haƙori a kwance, in riƙa tauna bakin asuwaki ya yi laushi tukuna.

Sunan simintin gilas ayonoma. Wasu masana biyu a Landan, Alan Wilson da Brian Kent, suka haɗa shi a farkon shekarun 1970. Bambancinsa da gam shi ne ba ya dogara da shiga cikin soson kolajin. Asid ɗin da ke cikinsa yana ƙulla zumunta kai tsaye da sinadarin kalsiyam na haƙori. Da ruwa ake kwaɓa shi, don haka 'yar laimar dantin ba ta dame shi ba, kamar yadda magini ke yayyafa wa bulo ruwa kafin ya yi filasta. Yana kuma sakin fulorayid a hankali, mai taimaka wa gefen haƙori kada ya ruɓe. Da shi ake yin wata hanyar ciko da kayan hannu zalla da aka fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, saboda ƙauyukan da ba wuta ba inji, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta.

Maganar rauni kuwa gaskiya ce, a awon ɗakin gwaji. Ana manna abu a jikin haƙorin da aka cire, a ja har ya ɓalle, a auna da ma'aunin da ake kira megafaskal. Guda ɗaya ya kai kusan 145 a gejinmu na taya, ka tuna tayar ƙaramar mota 30 da ɗoriya muke ba ta. Gam mai kyau a kan dantin yakan kai 20 zuwa 30, har ya wuce. Gilas ayonoma da ƙyar yake haura 7. To amma haƙorin ɗakin gwaji ba ya zubar da yawu, dasashinsa ba ya jini, janareta ba ya mutuwa a kansa. Ɗan yayata ya ce a binciken da ake yi a bakin mutane na gaske, a irin wannan zaizayar ta wuyan haƙori, dangin gilas ayonoma na cikin waɗanda suka fi daɗewa ba su faɗi ba. Nawa dai damina biyu ke nan yana nan, na sha rake da shi, na ci aya, na ja kilishi. Zogin ruwan sanyi ya tafi tun ranar.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Ba shi da kyan gani kamar na farko. Fari ne dusu-dusu kamar alli, in na yi dariya sosai mai lura zai gane. Samansa bai kai kwamfozit santsi ba, ni kuma ga ni da goro, yanzu gefensa ya ɗauki ja. Ya ɗan lotsa kaɗan ma, ina ji da harshe. Hajiyar da kanta ta ce da a kan turmi ne, babban rami inda ake tauna, ba za ta ba shi wannan amanar ba, domin yana saurin cinyewa kuma yana iya tsagewa.

Kuma kada a ce na kushe gam. Bara liba ta kuɓuce mini ina cire tayar wata akori-kura, ta ɓalle mini gefen haƙorin gaba. Wurin Hajiyar na koma, wannan karon ita ce ta ce kwamfozit za a sa, domin karayar a inamel take. Ta sa na jira har aka kawo wuta, ta tambaye ni ko na sa kanumfari, na ce na tuba. Ta kewaye haƙorin da wata 'yar roba ta raba shi da sauran baki, yawu ko ɗigo bai kai wurin ba, ta ɗora cikon kaɗan-kaɗan tana haskawa. Ya kusa cin awa guda. Wannan facin har yau matata ba ta iya nuna inda ya fara da inda ya ƙare ba.

Ga mutumin ƙauye irina da wuyan haƙorinsa ya zaizaye, in ya je wurin da injin zuƙe yawu ba ya aiki ko wuta na yi musu wasa, ni siminti zan ce ya nema, ya haƙura da launin. In haƙorin gaba ne ya ɓalle kuma wurin na da kayan aiki, ya biya kuɗin gam, ya ba su lokaci, ya kuma ajiye kanumfari kwanaki kafin ya je, in ma ya sa ya faɗa musu. Tsohon cikon nan da ya faɗo yana nan cikin gwangwanin da nake ajiye bawul, ina nuna wa yaran shagona shi duk ranar da ɗayansu ya ɗora faci a kan jiƙaƙƙen tib.