GARGAƊI: mai tallar faifan garmaho masu zanen bede ya ci mini jaka 85

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina ja da baya kan rubuta wannan abu saboda kunya, to amma jiya da dare wani ɗan uwa daga Damagaram ya kira ni shina ba ni labarinshi, sai na ji kamar nawa ne aka kwahe aka karanta mini, na ce a'a shirun ya isa haka. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp shina tallar tsofaffin faifan garmaho da sede waɗanda masu zanen bede, wato littattahan labari cikin zane, suka yi wa bango, wallahi ɗan damfara ne. Ba zan kama suna ba don sunan ma ba nashi ba ne, tun da na san shi sau uku ke nan shina sake suna da hoto, amma salon aikin ɗaya ne, shi zan faɗa muku.

Ni dai sana'ata zanen allunan shaguna nan Maradi, kuma tun muna lakwal muna rububin Kouakou, mujallar bede ta yara, zane ya shiga jinina. Mahaihina Allah ya jiƙan shi ya bar mana garmaho da faifai kusan rabin akwati, na Kongo da na Fela, to a nan na fara lura cewa bangon faifan ma aiki ne na kanshi, na Fela da yawa Lemi Ghariokwu ya zana su. Daga nan na fara tara waɗanda masu bede suka taɓa, ɗaya-ɗaya in na samu sarari. Mu masu wannan shaawa a garin nan ba mu cika hannu biyu ba, in ka ce ma mutum ka sa kuɗi ka sayi faifai don bangonshi sai ya dube ka kamar ka zare, shi ya sa duk wanda ya zo ya yi maka magana da yarenka sai ka saki jiki. Nan ne mutumin ya kama ni.

Da bokal, wato saƙon murya, ya fara, murya a sanyaye, babban yaya kaza babban yaya kaza, wai kawunshi ne ya yi zama Faransa shekaru da yawa ya rasu ya bar kwalaye a Kwatano ana so a rabu da su kahin rabon gado. Kuma fa ya san sunaye, ba laihi. Ya san Robert Crumb ne ya zana bangon Cheap Thrills na 1968 wanda Janis Joplin ta yi waƙa ciki, ya san Richard Corben ne na Bat Out of Hell na 1977, ya san Jamie Hewlett mai Tank Girl shi ne ya ƙirƙiro ƴan Gorillaz tare da Damon Albarn. Na ce bari in gwada shi da ƙaramin abu, na sayi seden Gorillaz, Demon Days na 2005, jaka 7. Kwana biyar ya iso gar cikin kar ɗin Yamai, lahiya lau, na gaskiya, har da ɗan littahin ciki. Ashe tsaba ce ya watsa ma kaza.

Bayan sati biyu sai ga hoton abin da na shekara ina mafarki: faifan Jimi Hendrix ɗin nan biyu a haɗe da kamfanin Barclay ya buga Faransa a 1975, wanda Moebius ya zana ma bango. Wanda ya san bede ya san Moebius shi ne Jean Giraud mai Blueberry, ba sai na tsaya bayani ba. Ya ce har da sa hannun Moebius ɗin a kusurwa, ya ce a Turai yuro 300 ake sayar da irinshi, ka buga da sefa 656 ka gani, kusan jaka 197, amma ni don na zama ɗan gida in kawo 60, kuma in yi sauri don wani Alhaji daga Kano ya taya, zuwa laasar in bai ji ni ba ya ba shi. Wannan Alhajin na Kano ku riƙe shi, ɗan uwan Damagaram ma da shi aka tsorata shi. Ban ma ci abincin rana ba na hau kabu-kabu na tahi wajen masu aika kuɗi na tura, na ɗauki hoton resi na aika mishi. Kwana uku sai ga kira wai ƴan duwan sun riƙe kaya a hanya sai an biya jaka 25, na yi tsaki na yi faɗa amma tunda 60 sun riga sun tahi sai na ga asara ce in bar su, na ƙara.

Kayan sun iso kam, abin da ke ruɗa mutane ke nan, ba ya gudu da kuɗi hakanan, shina aiko maka da wani abu. Na buɗe kwalin a shago gaban yarona mai taya ni aiki. Tun kahin in gama cire salatif warin gam ya buge ni, irin gam ɗin masu gyaran takalmi. Ni da fenti da takarda na girma, ina shafa bangon da yatsa na san hoto ne aka buga a injin ɗin sibar aka manna kan kwalin biskit, gehen ma da reza aka yanke shi, a karkace, kuma in ka kusanto da ido zanen duk ya farfashe ɗigo-ɗigo don daga intanet aka sauko da shi aka buɗa. Sa hannun kuwa da bik baƙi, an rubuta Moebius 2015. Mutumin da ya rasu a watan Maris na 2012! 

Duk da haka na ce bari in ji faifan, ko shi na gaske ne. Maimakon biyu ɗaya na tarar. Na kai gida na ɗora kan garmaho na sauke allura, ina jiran gitar Hendrix, sai ga sarewa da muryar mace ta Indiya tana tashi. Uwargida daga madafa ta leƙo ta ce, Malam yau kuma fim ɗin Indiya ake tunawa? Na kankare tambarin tsakiya da farce, ga na asalin a ƙasa da rubutun Indiya.

Na kira, ya ɗauka sau ɗaya ya ce kuskuren yaranshi ne wajen ɗaure kaya zai gyara, da sahe na tarar ya bloke ni ko'ina.

Shi ɗan uwan Damagaram Cheap Thrills aka sayar mishi a matsayin bugun farko na 1968, sai ga layukan nan baƙaƙe na kod-bar a bayan bangon, alhali a 1968 ba a fara sa su kan kaya ba, sai cikin shekarun 1970. Wani kuma a nan unguwar Zariya ta Maradi an yi mishi tallar irin nawa amma wai da sa hannun Hendrix da kanshi, shi Allah ya taimake shi ya tuna Hendrix ya rasu a 1970, shekara biyar kahin a buga faifan. Kun ga mutumin ya haddace sunaye amma lissahin shekaru ya hi ƙarhinshi, to ta nan za ku kama shi.

In ya zo muku, ko wani irinshi, ku ce ya yi kiran bideyo ya riƙe faifan a hannu ya juya shi gaba da baya, ni da na nema cewa ya yi rezo ba kyau, kullum rezo ba kyau. Ku ce ya nuna muku lambar da aka sassaƙa a santsin nan na kusa da tambarin tsakiya, kowane bugu da tashi, ku duba ta a Discogs, shafin intanet mai bayanin faifai, ku gani ko ta yi daidai. Hotunan da yake turowa ma na can ne ya sata, nawa na same shi a shagon wani Bature, har teburin katakon da aka ɗora faifan kai iri ɗaya. Zancen kuɗin duwan bayan an gama ciniki kuwa, da kun ji shi ku tsaya nan.

Na kai ƙara komisariya da resi biyu da bokal ɗinshi duka, lambar da na tura ma kuɗin da kartin wani aka yi mata rajista. Duk wanda ya taɓa cuta ya yi mini magana ta ciki mu haɗa takardu wuri ɗaya, kar kunya ta hana, mu huɗu ne yanzu da na sani. Faifan Indiyan kuma na so in kai shi cikin shaida, uwargida ta ce in an gama da shi a maido mata abinta.