Vaniqa ko Veet: wanne ya fi wahalar da fuska?

Wata 'yar'uwa ta ce likita ya rubuta mata man shafawa na Vaniqa saboda gashin haɓa, ƙawarta kuma ta ce ta sayi man cire gashi na Veet kawai, ya fi araha. Tana son ta san wanne ya fi illa.

'Yar'uwa, aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Veet narkar da gashin da ya riga ya fito yake yi. Vaniqa kuwa ko sili ɗaya ba ya cirewa. Maganin da ke cikinsa, eflonitin, tsirowar gashin yake ragewa gudu daga saiwa, don haka aski ko tsiga ba za ki daina ba.

Illar Vaniqa da aka fi gani ita ce ƙurajen fuska, sai raɗaɗi, ƙaiƙayi, bushewar fata, da gashin da ke lanƙwashewa ya koma cikin fata ya yi ƙurji. Raɗaɗin ya fi tsanani idan man ya taɓa wurin da reza ta yanka, shi ya sa ake jiran aƙalla minti 5 bayan aski. Ana shafawa kaɗan sau 2 a rana, tsakani awa 8 ko fiye, kuma ba a wanke wurin sai bayan awa 4. Saboda alwala, bayan Asuba da bayan Isha sun fi dacewa. Idan fata ta fusata, a koma sau 1, in abin ya ƙi lafawa a dakata a ga likita. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi.

Veet illarsa nan take ce: ƙuna. Mintunan da aka rubuta a kwalin suna wucewa, sai ya soma cin fata, kuma a baƙar fata ƙunar kan bar tabo mai duhu na watanni. Wanda aka yi don ƙafa kada ya hau fuska, a kuma gwada a ɗan wuri awa 24 kafin nan.

A ganinmu Vaniqa ya fi sauƙin illa, sai dai yana son haƙuri: sai wajen mako 8 ake ganin canji, kuma ana dainawa gashin ya dawo yadda yake cikin mako 8. Wata 4 ba canji, a bar shi.

Idan al'adarki na rikicewa, ko kina shafa man bilicin mai sitiroid, ki faɗa wa likitan, domin duka biyun kan kasance tare da wannan gashi.